Cikin Baba Ya Kumbura

"Ita ta zuba masa wani abu a tuwo!" in ji Gwaggo, tana nuna Tsahara, matar yayana Hafizu.

Babanmu na kwance a ɗaki, ciki ya kumbura kamar tulu. Tun da ya zo daga Tsibiri ya sauka gidan Hafizu a unguwar Zariya don a duba masa ido, bai yi bayan gida ba. An ɗura masa jiƙo, an ba shi kanwa, har rubutu aka karɓo daga Jiratawa. Manya sun cika tsakar gida, kowa gwanin gano sammu, amma babu mai bakin tambayar tsoho abin da ya hana shi zagawa. Wai rashin kunya ne.

Hafizu kuwa, da duk karatunsa na jami'a, ya ce Tsahara ta haɗa kayanta.

Ni karatun jinya nake yi, ba a koya mana irin wannan kunyar ba. Na shiga, na durƙusa.

"Baba, ba ya matsa maka ne?"

"Kullum, ɗiyata."

"To me ya hana ka?"

Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Makewayin gidan nan a jikin ɗakinta yake. Surukata ta gan ni da buta, ko ta ji motsina? Haba!"

"Baba, sakinta fa za a yi saboda kai!"

Sai na ga fuskarsa ta washe.

"To, yaushe za ta tafi? Wallahi na matsu."