Igiyar Inna

Kwana tara da rasuwar ƙanena, Inna tana zaune a tsakar gidanmu a Pantami, tana tufka igiyar rama a cinyarta, sili biyu suna naɗe juna.

Gwaggo, yayar Baba, ta tsaya a kanta ta ce, "Jinin gidanku ne yake cinye mana 'ya'ya, Hajara."

Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da murzawa.

Sai da na girma, a Alƙahira, wani likita ya nuna mini hoton DNA, ƙwayar halittar da ake gado daga iyaye. Igiyar nan ce sak. Ya ce sikila, cutar da ta kashe ƙanena, sai uwa da uba sun haɗu suke bayar da ita.

Yau zan iya bayyana wannan da harsuna huɗu. Inna kuwa ta rasu tana roƙon Baba ya yafe mata.