Muryar Baba a Cikin Akwati

Ina kora tumaki da hantsi sai na ji kiran Baba daga kan dutse, shi da muka binne wata bakwai da suka wuce.

Duk kwarin Narin babu mai haɗa tafin hannu ya yi kukan kyarkeci kamarsa. Amma bai taɓa kira a lokacin da matan kyarketai ke shayarwa ba, kuma wanda ya ci masa tunkiya kaɗai yake nema.

Wata macen kyarkeci ta amsa. Sai ƙarar bindiga.

Na hau doki na haura. Na tarar da yayana da baƙi biyu mafarauta daga birnin Bishkek suna ɗaukar hoto da gawarta, nononta na ɗiga kan ƙanƙara. A gefe ga wani ɗan akwati mai lasifika.

"Yaya, muryar wa ke cikin abin nan?"

"Sarkin tumaki, ka cika tambaya. Shekara nawa kana hura hannu, ko karen gida bai taɓa amsa maka ba? Wannan dannawa kawai ake yi."

"Da Baba yake kwance ba lafiya, ce masa ka yi don yaranka kake ɗaukar muryarsa."

"To, da me kake tsammani nake ciyar da su?"

Baƙo ɗaya ya sake dannawa. Kukan ya tashi, ya sauka, ba wanda ya tsayar. Sai ga tari, sannan muryar Baba a hankali, numfashi na yanke masa:

"Ya fita da kyau, ɗana? Ko in sake? Kada jikokina su ce kakansu bai iya ba."