Roba Ba Ta Mantuwa

Injiniya ta ƙwanƙwasa ɗaya daga tankunan ruwan da aka ware jiya, ta ɓata fuska.

"Ɗauke wutar nan ya cuce mu, Dogo. Roba ba ta mantuwa. In ba ta narke sarai ba, tsohon daskarinta yana nan a ciki, sabon ya bi sahunsa. Waje sumul, ciki ɓawon ƙwai. Ranar da aka cika shi, ranar zai dare."

Ta sa Dogo, mai kula da inji, ya kai tankunan wurin niƙa. Sai ya ga gurbin ɗaya babu tanki. Bai damu ba, don duk abin da aka ware a masana'antar, ma'aikata kan yi gaba da shi.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, murya fal murna.

"Maigida, Allah ya saka wa yayanka mai gadi da alheri! Ya kawo mana tanki daga masana'antarku, har an ɗora saman ɗakin yara."

"Ina yaran?"

"Suna ciki, barcin rana suke. Ka ji ruwan? Ya ma kusa cika."