Mai Shaida a Bayan Labule

Ku yaran yanzu bakinku ba shi da linzami. An kai ku makaranta ku yi karatu, kun mai da harshe sana'a, ba kwa tuna akwai uwa a gida da kalma ɗaya taku za ta hana ta cin abinci. To, ku buɗe kunne ku ji.

Wata mai ɗinki ce zaune a kan benci a barandar ofishin ladabtar da ɗalibai na jami'a, ta rungume jakarta a cinya. 'Ya'ya biyu gare ta a makarantar. Babban, wanda tun yana ƙarami ake kira Injiniya, jarrabawar ƙarshe kawai ta rage masa. Sai Auta, wadda ta shiga bana. Autar ce a ciki, gaban kwamiti.

Ga abin da ya faru. Ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwanan ɗalibai har ban ɗaki ya gagari shiga. Yara suka kwashi bokitai suka je suka tsaya a ƙofar shugaban jami'a. Wata yarinya ta rufe fuska da mayafi, ta kife bokiti ta hau, ta faɗi abin da ke cin kowa. Dokar makarantar kuwa ta ce duk wanda ya halarci taro ba da izini ba, kora ce. Da masu tsaro suka zo, aka watse, suka kama 'yan kaɗan suka sake su. Yarinyar ba a san ko wace ce ba, sai daga baya aka ce wani ya gane ta, wai Auta ce.

Da safe mai ɗinki ta so ta bi 'yarta ciki, mai gadi ya tare ƙofa da hannu.

"Mama, iyaye ba sa shiga."

"To lauya fa?"

"Shi ma haka."

"Shi wanda ya ce ya gan ta, za ta gan shi?"

"Yana bayan labule, ta ƙofar baya yake shiga. Ko muryarsa ba za ta ji ba, magatakarda yake raɗa wa."

Injiniya na tsaye gefe, rigarsa ta jiƙe da gumi ko da yake rana ba ta ɗaga ba. Tun jiya yake roƙon ta kada ta zo.

"Mama, ki koma shago. Zamanki ba zai canja komai ba. Ita ai yanzu ta fara, ko an kore ta sai ta nemi wata makarantar baɗi. Wanda ya kai shekarar ƙarshe ne abin tausayi."

"Rufe min baki! Ƙanwarka na cikin wuta kana min lissafi?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce bari ya je ya nemo wani malaminsu, ko zai sa baki. Ya sauka daga baranda ya zagaya bayan ginin, mai gadi ya bi shi da kallo.

Zama ya yi zama. Tagar ɗakin an shafe gilashinta da fenti, ba a ganin ko inuwa. Sai ƙarar fanka, sai muryoyi da ke fitowa guntu-guntu. Ƙishirwa ta kama ta, ta kasa tashi, don kada a buɗe ƙofa ba ta nan. Ta kira wayar Injiniya, a kashe. Duk ma'aikacin da ya wuce ta miƙe ta gaishe shi, ya amsa ba tare da ya tsaya ba.

Can ta tsinci muryar Auta.

"Ku nuna min shi. Ya faɗa a gaban idona."

Wata murya mai kauri ta ce, "Doka ba ta yarda ba. Amsa abin da aka tambaye ki."

Mai ɗinki ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji. Ta shiga magana ƙasa-ƙasa, ita kaɗai. Wane irin ɗa ne wannan, da zai laɓe ya kashe wa 'yar mutane rayuwa? Wace uwa ce ta raine shi ba ta koya masa kunya ba? Shi ba ya shan ruwa ne? Ta ce Allah Ya haɗa shi da abin da ya fi ƙarfinsa, yau ba gobe ba.

Rana ta karkata kafin ƙofa ta buɗe. Magatakarda ya fito, Auta na bayansa, idonta a bushe. Ya ce an kore ta, ta kwashe kayanta kafin a rufe ƙofar makaranta.

Mai ɗinki ta zube a kan gwiwoyinta, ta kama gefen rigarsa.

"Ɗana, don girman Allah ku ɗan jira. Yayanta ya tafi neman malami, yanzu za su iso."

Magatakarda ya kama hannunta ya tashe ta.

"Mama, babu malamin da zai zo. Shugaban kwamiti ya tambayi mai shaidar a ina yake tsaye har ya gane ta, ya ce a cikin taron yake, dab da ita. Masu tsaro sun yi masa alkawarin rufa masa asiri in ya ba da suna, amma doka ba ta san alkawari ba. Ki yi haƙuri ki nemi mota babba, don 'ya'yanki duka biyun za ki koma da su gida."