Murfin Lagireto

Babur ɗin Baba mai lagireto ne kamar mota, kuma kullum gargaɗinsa ɗaya: "Ba a buɗe murfin nan da zafi."

Ranar da kakata ta rasu ya goyo ni daga Tudun Jukun, za a yi mata salla a cikin birni bayan la'asar. Muna shiga wani lungu fanka ta daina juyawa, injin ya ɗau zafi ya mutu. Ƙauri ya tashi kamar sukari ya ƙone.

Wani tela ya miƙo buta. "Malam, bari ya huce tukun."

Baba ya ce, "Uwata ce. Gawa ba ta jira."

Ya murɗe murfin, tafasasshen ruwa ya feso masa a hannu. Ya ɗura ruwa, ya yi ta ƙoƙarin tayarwa, shiru. Ni dai ina tsaye rungume da buta.

Da ƙafa muka ƙarasa, muka iske mutane suna dawowa daga maƙabarta. Kowa ya zo gaisuwa sai ya matse wannan hannun da ya saluɓe, Baba yana ta amsa amin.

Yanzu na girmi Baban wannan rana, amma har yau in sukari ya ƙone a tukunyata, sai na fita tsakar gida.