Kunyar da ta rufe rumfar Muttaka

Shekarar Muttaka huɗu yana sana'ar POS a bakin Ƙofar Wambai, cikin wata 'yar rumfar kwano da ba ta cin mutum biyu. Da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansu uku. Ba ya cuta, ba ya ƙarya. Aibinsa ɗaya ne, kuma shi ke ba ni haushi har gobe: Muttaka ba ya iya tambayar babba.

Kamfanin da ya ba shi na'ura ya kafa masa sharaɗi. Duk wanda zai ciri kuɗi mai kauri, a duba sunan da ke jikin katin, a gwada da katin shaidarsa, sannan ya sa hannu a littafi. Littafin yana nan ƙarƙashin tebur. Shafi biyu kacal aka taɓa cikawa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ya tsaya gaban rumfar. Farar shadda, furfura a gemu, carbi a hannu. Ya yi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar yara, sannan ya miƙo kati.

"Dubu ɗari za ka cirar mini, ɗana."

Muttaka ya duba katin, ya ga an rubuta A'isha Isiyaku. Da ya miƙa na'urar don a sa lambar sirri, sai dattijon ya zare katin, ya juya bayan katin ya ƙura ido. A kan farin layin da aka tanada don sa hannun mai kati, lambobi huɗu ne rubuce da biro. Ya mayar da katin ya danna su ɗaya bayan ɗaya.

Muttaka ya dube shi. Ya ce, "Baba, katin nan kamar..."

"Na iyali ne. Ka san matanmu na cikin gari, ba ko'ina suke fita ba."

Shi ke nan, Muttaka ya bar zancen. Gaskiya ne maza da yawa kan kawo katin matansu. Kuma a tarbiyyar da ya tashi, yaro ba ya kama sunan matar dattijo a gabansa, balle ya ce a kawo shaida. Ya ƙirga kuɗi ya miƙa da hannu biyu.

Washegari dattijon ya dawo ya sake cirar dubu ɗari. Malam Ɗalha mai sayar da robobi a rumfar gefe yana kallo. Da mutumin ya tafi ya leƙo.

"Kai Muttaka, wanda sai ya duba bayan kati kafin ya danna lamba, katin gidansa ne? Ka ce ya kira ta a waya mana, ka ji daga bakinta."

"Haba Malam Ɗalha! Sa'an mahaifina ne fa. In ce ya haɗa ni da matarsa?"

"To ka ce masa ba sabis."

"Ƙarya kuma?"

Malam Ɗalha ya yi tsaki ya koma kan robobinsa. Ranar Lahadi dattijon ya zo karo na uku. Sau uku ke nan Muttaka yana ganin abin da idonsa, sau uku yana haɗiye magana.

Ranar Alhamis 'yan sanda biyu suka iso da wata mata mai kimanin shekara sittin, tana laluben hanya da sanda. Ita ce Malama A'isha Isiyaku, tsohuwar malamar firamare. An sace jakarta a cikin adaidaita sahu ranar Juma'a da safe, da waya da kati duk a ciki. Ba ta san yadda ake toshe kati ba sai an je banki, kafin ta kai kuma an rufe, sai Litinin. Kuɗin aikin idonta ne, wanda ta yi shekara biyu tana tarawa. Banki ya bi sawu, sawun ya tsaya a kan na'urar Muttaka.

Muttaka ya ce, "Wallahi mijinta ne ya kawo katin."

Matar ta ce, "Wane miji? Mijina shekararsa shida a kabari."

Ɗan sanda ya nemi littafin sa hannu. Aka jawo shi, babu sa hannun dattijon. Ya nemi sunan mutumin, babu. Lambar wayarsa, babu.

"To yaya kamanninsa?"

"Dattijo ne, mai farar shadda da carbi."

"A cikin birnin Kano? To sannu, ka gama mana aiki."

Kwanan Muttaka biyu a tsare, ana zargin da haɗin bakinsa, sai da Malam Ɗalha ya tsaya masa. Kamfani ya karɓe na'urarsa saboda ya karya sharaɗi. Aka sa wa rumfar kwaɗo. Dattijon kuwa ko ƙeyarsa ba a sake gani ba.

Ranar da aka sake shi, ya tarar da Malama A'isha zaune a kan benci a ƙofar caji ofis. Ya durƙusa zai ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

"Ni na rubuta lambar, don ina mantuwa. Wannan wautata ce, na ɗauka. Amma ni idona ne ba ya gani, ɗan nan. Kai fa?"



Jama'a, farin layin bayan kati wurin sa hannu ne, kada a rubuta lambar sirri a kai. Kai kuma mai na'ura, in suna bai yi daidai da mai kati ba, nemi shaida ko da mai furfura ne. Tambaya ba raini ba ce, kare amana ce.