Hoton da ke Cikin Jaka

Zinnira na durƙushe a zaure tana jera burushi da gwangwanayen fenti cikin jaka, za ta garin Gude zanen bangon makaranta, sai ga Sharfaddeen ya yi sallama. Shi ne fa wanda ya fasa aurenta wai tana warin fenti, yau kuma ya dawo ba kunya yana neman a daidaita.

Idonsa ya faɗa kan hotonsa da ta taɓa zanawa, yana leƙowa daga jakar. Ya yi murmushi.

"Ashe har yanzu ina ranki, Zinnira."

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ja zif ɗin jakar.

"Hedimasta ne ya ce in zana wa yara jaki, Malam. Kunnuwa kawai zan ƙara."